Yadda Ake Gyara Tsarin Cin Abinci Idan Tayirod Ta Yi Sanyi

Na daɗe ina aiki a ɗakin ba da shawarar abinci na wani asibiti, kuma cikin waɗanda likitoci kan turo mini akwai 'yan mata da samari 'yan shekara 20 zuwa 30 da gwaji ya nuna tayirod ɗinsu ba ta aiki yadda ya kamata. Kusan dukansu da tambaya ɗaya suke shigowa: "Anti, me zan daina ci?" Wata ɗaliba ta zo mini ta yi wata biyu rabonta da kabeji, da wake, da burodi, da fura, saboda wani dogon jeri da aka tura mata a WhatsApp. Da na tambaye ta yadda take shan maganinta, sai ta ce da shayi mai kauri take kora shi kullum da safe. Ta bar abin da bai tsare mata komai ba, ta riƙe wanda ke ɓata mata magani.

Zan yi magana da "ke" a nan, domin matsalar ta fi kama mata nesa ba kusa ba. Ɗan'uwa, kai ma duk abin da na faɗa ya shafe ka, ban da zancen al'ada da juna biyu.

Ga ɗan abin da ya kamata ki sani kafin mu fara. Tayirod wata 'yar halitta ce a gaban wuya, ƙasan maƙogwaro, mai siffar malam-buɗe-littafi. Da sinadarin aidin take haɗa wasu sinadarai guda biyu, T4 da T3, waɗanda ke tsara saurin aikin jiki. Idan suka yi ƙaranci komai sai ya yi sanyi: kasala, yawan barci, jin sanyi lokacin da kowa ke fifita, bushewar fata, zubar gashi, taurin bayan gida, ƙarin nauyi, rikicewar al'ada. Wani lokaci wuyan ya kumbura, abin da muke kira maƙoƙo. Sanadin kan zama ƙarancin aidin a abinci, ko kuma garkuwar jiki ce ta juya tana yaƙar tayirod ɗin, cutar da ake kira Hashimoto, sunan likitan Japan da ya fara bayaninta a 1912. Idan likita ya ɗora ki a kan ƙwayar da aka rubuta Levothyroxine a kwalinta, to babu abincin da zai maye gurbinta. Aikin abinci shi ne ya ba ƙwayar hanya ta shiga jini, ya kuma rage miki wahalhalun da ciwon ke jawowa.

Kayan da za ki tanada

Takardar sakamakon gwajinki, musamman adadin TSH, wato sinadarin da jiki ke aikawa ta jini don ya zaburar da tayirod ta yi aiki. A yawancin ɗakunan gwaji ana ɗaukar 0.4 zuwa 4.0 a matsayin daidai, kuma idan tayirod ta yi sanyi adadin hawa yake yi, ba sauka ba. Wannan yana rikita mutane da yawa.

Ƙwayarki a cikin ainihin faifanta, tare da sanin ƙarfinta, ko maikirogiram 25 ne, ko 50, ko 100.

Ƙaramin littafi da biro. Waya ma ta yi, amma na lura masu rubutawa a takarda sun fi ɗorewa.

Ƙararrawar waya, da kofi ko gorar ruwa da za ta riƙa kwana kusa da gadonki.

Gishirin leda mai aidin, da roba ko kwalba mai murfi da za ki juye shi.

Sikeli, idan da hali. In babu, tef ɗin tela ya wadatar, ki riƙa auna ƙugunki.

Sai jaka guda da za ki tattara duk wani magani da ke ɗakinki: na ƙarin jini, na olsa, na gyaran gashi da fata, na rage ƙiba, har da na gargajiya. Za mu dawo kanta.

Mataki na 1: Ki yi mako guda ba ki canza komai ba

Kwana bakwai ki rubuta abin da kika ci, da ƙarfe nawa kika ci shi, da lokacin da kika sha ƙwaya. Ki sa har da abin da ba a lissafa shi abinci: awarar ƙofar makaranta, lemon kwalba, cincin, kofin tsakar dare lokacin jarrabawa. Ki ƙara layi ɗaya kan yadda jikinki yake a ranar, ko kin yi bayan gida, ko barci ya dame ki a aji ko wurin aiki.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne mutum ya gyara cinsa a makon don littafin ya yi kyau. Ba malami za ki nuna wa ba. Ki rubuta gaskiya, don daga ita za ki gane inda matsalar take. Sau da yawa mai littafin ce da kanta ke ganowa kafin in ce komai.

Mataki na 2: Ki raba ƙwaya da abinci

Idan mataki ɗaya kawai za ki iya bi cikin duk waɗannan, to wannan ne. Ƙwayar tayirod tana da tsirfa. A hanji take shiga jini, kuma idan ta tarar da abinci a ciki, wani kaso nata sai ya bi abincin ya fice. Don haka ana shanta da ruwa zalla, ciki babu komai, a jira minti 30 zuwa awa guda kafin a karya. Ni awa guda nake cewa, don na san idan na ce rabin awa, minti goma sha biyar za a yi.

Hanya mafi sauƙi a wurinmu ita ce a ɗaura ta da sallar asuba. Kina tashi, kafin ma ki yi alwala, ki haɗiye ta da ruwan da kika ajiye. Kafin ki yi salla, ki yi azkar, ki share ɗaki, ki yi wanka, awa ta cika. Shayi, kofi, koko, kunun gyaɗa, duk su jira bayan nan. Kofi musamman an san yana rage shigar maganin ko da babu madara a cikinsa.

Akwai kuma waɗanda awa guda ba ta ishe su ba, sai an ba su tazarar awa huɗu. Yanzu ki buɗe jakar nan. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, ƙwayar kalsiyam, haɗaɗɗun bitamin da ke ɗauke da waɗannan biyun, da farin maganin ruwan nan da ake sha don ƙwannafi ko olsa, dukansu suna kama ƙwayar tayirod a cikin hanji su hana ta wucewa. Idan kin sha taki ƙarfe biyar da rabi na asuba, su sai bayan abincin rana ko na dare. Masu shan maganin olsa na kullum irin su omeprazole su gaya wa likita, domin rage tsamin ciki ma yana taɓa yadda ƙwayar ke narkewa. Mai cin farar ƙasa kuma ta daina, sannan ta je a auna jininta, don wannan kwaɗayin sau da yawa alamar ƙarancin jini ne.

Madara da nono da kindirmo ba haramun ba ne a gare ki. 'Yar madarar da ke cikin shayi bayan awa guda ba ta da wata illa ta a zo a gani. Amma ƙwarya guda ta fura da nono, ko babbar robar yogot, gara ki bar su sai rana.

Idan safiya ba za ta yiwu ba, misali kina fita aiki tun duhu kuma dole ki ci wani abu, ki mayar da ƙwayar lokacin kwanciya, da sharaɗin an yi aƙalla awa uku da cin abincin dare. Wanda ke cin tuwo ƙarfe tara ya kwanta ƙarfe goma, wannan hanyar ba tasa ba ce. Duk wadda kika zaɓa, ki tsaya a kanta. Likita yana auna miki ƙarfin magani ne bisa yadda kike shansa kullum, to idan yau da ruwa, gobe da koko, jibi da dare, gwajin zai yi ta hawa da sauka, shi kuma ya yi ta canza miki ƙwaya ba gaira ba dalili.

In kin manta, ki sha da zarar kin tuna a ranar. Maganin yana daɗewa a jiki, sai ya yi kamar mako guda kafin rabinsa ya fita, don haka mantuwar rana ɗaya ba abin tayar da hankali ba ce. Mantuwar da ta zama ɗabi'a ita ce matsala.

Da azumi kuma fa? Hanya uku nake ba mutane. Ta farko, ki tashi awa guda kafin sahur, ki sha, ki shiga kicin, kafin ki gama ɗumame lokaci ya yi. Ita na fi so. Ta biyu, ki buɗe baki da ruwa da ƙwayar, ki yi sallar magariba, ki jira rabin awa kafin ki taɓa ƙosai da kunu. Tana aiki, amma kaɗan ne ke iya jurewa ana ci a gabansu. Ta uku, bayan tarawihi lokacin kwanciya, idan kin tsayar da ciye-ciye da wuri.

Wurin ajiya ma yana da muhimmanci. Zafi da laima suna rage ƙarfin ƙwayar. Kada ki bar ta a kicin, ko banɗaki, ko kan taga, ko cikin mota a zafin watan Afrilu. Ki bar ta cikin faifanta, a durowa ko wani lungu mai sanyi a ɗaki.

Mataki na 3: Ki duba gishirin gidanku

Babban mutum yana buƙatar aidin maikirogiram 150 a rana, mai juna biyu da mai shayarwa kuma 250 bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya. Ƙasar da ke nesa da teku ba ta cika samun aidin a cikin amfanin gonarta ba, shi ya sa maƙoƙo ya yi yawa a zamanin kakanninmu. Tun 1993 aka wajabta sanya aidin a gishirin ci a Najeriya, kuma gishirin leda na kamfani yana ɗauke da shi, za ki ga an rubuta a jiki.

Matsalar tana wajen gishirin awo da ake shanyawa a faranti cikin rana a kasuwa, da gishirin gargajiya irin na Bilma, da manda, waɗanda ba a sa musu aidin. Sabon salo kuma shi ne gishirin nan ruwan hoda mai tsada da ake cewa daga tsaunukan Himalaya yake. Wata ta zo tana yi mini alfahari ta koma shi don lafiya. Na ce mata ta biya kuɗi mai yawa ta sayi ƙarancin aidin.

Ki sayi na leda, ki juye a roba mai murfi, ki ajiye nesa da murhu, kuma ki riƙa zubawa idan miya ta kusa sauka. In na awo kaɗai ake samu a garinku, ki ce mai shago ya nuna miki buhun da ya ɗebo, ki kuma zaɓi wanda yake rufe.

Gargaɗi babba: wannan ba izinin ƙara gishiri ba ne. Giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi, shi ne iyakar da ake so babba ya ci, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano da taliyar leda. Kuma kada ki sayi ƙwaya ko ruwan aidin, ko garin ciyawar teku da ake tallatawa a Instagram da sunan maganin tayirod. Ga mai Hashimoto, aidin mai yawa yana iya ƙara dagula lamarin. Ƙwayar da kike sha ta riga ta zo da sinadarin a haɗe, ba ta jiran ki ƙara mata aidin.

Mataki na 4: Gero, rogo, waken suya da kabeji

Nan ne aka fi tsorata mutane, to bari in ɗauke su ɗaya-ɗaya, don ba hukuncinsu ɗaya ba.

Kabeji shi aka fi yi wa ƙazafi. Gaskiya ne shi da danginsa suna da wani sinadari da ke iya rage yadda tayirod ke ɗaukar aidin, amma sai an ci ɗanye, da yawan gaske, kullum, kuma jiki yana cikin ƙarancin aidin. Dafuwa tana kashe mafi yawansa. Kabejin cikin miya, ko wanda aka yanka a kan shinkafa da wake, ko na gefen tsire, ki ci abinki. Abin da nake hanawa shi ne markaɗa ɗanyen kabeji a sha kofi-kofi kullum don rage tumbi.

Waken suya kuma matsalarsa ta fi karkata ga ƙwayar, domin yana hana ta shiga jini sosai. Awara abinci ce mai gina jiki, mai araha, kuma ɗalibai da yawa da ita suke rayuwa, ba zan ce ki bar ta ba. Ki mayar da ita ta yamma, awa huɗu ko fiye bayan magani. Haka madarar waken suya, da kunun da ake haɗawa da garinsa. Idan da ba kya ci sai yanzu kika fara ci kullum, ko da kina ci kullum sai kika daina, ki faɗa wa likita a gwaji na gaba.

Rogo yana da guba ta asali wadda jiki ke juyawa zuwa wani sinadari mai gogayya da aidin a ƙofar tayirod. Ɓarewa, jiƙawa na kwanaki, tsimawa, shanyawa da dafawa su ke fitar da ita. Garin kwaki da aka tsima aka soya da kyau, da alabon da ya jiƙu ya bushe sosai, ba su da laifi in ba su ne abincin safe da rana da dare ba. Ki guji ɗanyen rogo, da mai ɗaci, da wanda aka dafa sama-sama. Idan za ki yi dafaffen rogo da ƙuli, ki ɓare, ki jiƙa, ki dafa a buɗe har ya yi laushi, ki zubar da ruwan.

Gero ne mai wuyar sha'ani, don shi ne abincinmu. Yana ɗauke da sinadaran da ke rage aikin tayirod, kuma saɓanin kabeji, wuta ba ta kashe su. Masu bincike sun danganta yawan maƙoƙo a yankin Darfur na Sudan da dogaro da gero kusan shi kaɗai, a wurin da aidin ya yi ƙaranci. Ki lura da sharuɗɗan biyu: gero ne kusan dukan abincin, kuma babu aidin. Wadda ke shan ƙwayarta, tana cin gishiri mai aidin, ba ta cikin wannan hali. Abin da nake cewa shi ne kada gero ya zama koko da safe, fura da rana, tuwo da dare, kwana bakwai a mako. Ki bar shi sau ɗaya a rana ko ƙasa da haka, sauran ki cike da masara, dawa, shinkafa, alkama, dankali ko doya. A surfa shi da kyau a wanke, domin sinadaran sun fi taruwa a dusa. Kada kuma ki gudu daga gero ki faɗa acca kina ganin kin tsira, ita ma tana da irin nata.

In a gidanku tukunya ɗaya ce kuma ba ke ke da iko da ita ba, kada ki tayar da rigima da Umma a kan tuwo. Ki ci wanda aka yi, ki rage furar da kike saya da kanki, ki tabbatar gishirin gidan mai aidin ne. Wannan ya isa.

Sai burodi da alkama. Za ki ji ana cewa duk mai ciwon tayirod ya bar su. Wannan na waɗanda gwaji ya tabbatar hanjinsu ba ya jure sinadarin alkama ne. Idan kina yawan gudawa, kumburin ciki da ramewa, ki gaya wa likita ya duba. In ba haka ba, gurasarki da alkubus ɗinki suna nan.

Mataki na 5: Ki gina kwanonki

Yanzu mun bar abin da za a rage, mun zo abin da za a ƙara. Ki raba faranti a ido: rabi ganye da kayan lambu, kwata abinci mai gina jiki, kwata tuwo ko shinkafa. A aikace, malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunki, miya mai yawa, da wani abu na nama, kifi, ƙwai ko wake a kowane ci.

Tayirod tana aiki da wasu sinadarai da ake samu a abinci: saliniyam, wanda babba ke buƙatar maikirogiram 55 a rana, da zinki, da sinadarin ƙarfe. Ba sai kin haddace su ba. Ƙwai ɗaya ko biyu a rana, kifin teku irin su titus da sadin sau biyu a mako, nama gwargwadon hali, wake, gyaɗa, riɗi da agushi sun rufe miki wannan. Kifin ruwan daɗi kamar tarwaɗa da karfasa yana gina jiki, sai dai bai kai na teku aidin ba. Kada ki sayi ƙwayar saliniyam da kanki, yawansa guba ne, kuma abin dariyar shi ne zubar gashi na cikin alamominsa.

Ƙarancin jini yana yawan tafiya tare da wannan ciwo, musamman ga wadda al'adarta ke zuba da yawa, kuma kasalarsa iri ɗaya ce da ta tayirod. Na sha ganin wadda TSH ɗinta ya daidaita amma tana nan a gajiye, da aka auna sai aka ga jini ne. Hanta sau ɗaya a mako, jan nama, wake, zogale da alayyafo za su taimaka. Ki haɗa su da abu mai tsami irin lemon tsami, lemon zaƙi, gwaba ko tumatir, ki kuma nisanta shayi da lokacin cin abinci, don yana hana ƙarfen shiga jiki. Mai juna biyu ta bar hanta sai da izinin likita.

Idan aljihu ya yi sanyi, wake da ƙwai da ƙuli-ƙuli da busasshen kifi sun fi nama sauƙi kuma suna yin aikin. 'Yar hostel da ba ta da firji ta riƙe gwangwanin sadin, gyaɗa, dabino da garin zogale. Taliyar leda in ta zama dole, ki sa rabin garin ɗanɗanonta, ki fasa ƙwai, ki yanka albasa da karas da duk ganyen da kika samu.

Ga misalin yini guda, ba don ki bi shi sak ba. Ƙwaya da ruwa da asuba. Ƙarfe bakwai ƙosai ko alale da kokon masara marar sukari da yawa. Da rana shinkafa da wake da salak da yankan kifi. La'asar gwanda ko kankana, ko awara 'yar kaɗan. Da dare tuwon dawa miyar kuɓewa ko kuka, ko faten doya da alayyafo. Maganin ƙarin jini, in an rubuta miki, bayan abincin dare.

Mataki na 6: Taurin bayan gida

Kuɓewa, kuka, rama, zogale, wake, gwanda, mangwaro da lemo tare da totuwarsa, sai ruwa isasshe har fitsari ya yi haske. Ki ƙara su sannu a hankali cikin mako biyu, in ba haka ba ciki zai cika da iska. Tafiyar ƙafa ta rabin awa tana motsa hanji fiye da yadda ake zato. Ki guji shayin wankin ciki na kullum, yana sa hanji ya saba ya ƙi aiki sai da shi.

Mataki na 7: Zancen ƙiba

A nan sai na faɗi abin da ba a son ji. Nauyin da tayirod kanta ke ƙarawa yawanci kilo 2 zuwa 5 ne, kuma mafi yawansa ruwa ne da gishiri da jiki ya riƙe. Idan magani ya zauna, wannan kan sauka. Abin da ya haura haka, daga kwano ne da zama. Kuma akwai dalili: mai kasala tana neman abin da zai farfaɗo da ita, sai ta kama lemon kwalba, zoɓo mai sukari, da lemon ƙara kuzari na gwangwani, ga shi ba ta da ƙarfin motsa jiki. To ki fara da abin sha. Ki mayar da lemon kwalba na ranar biki, ki haɗa zoɓonki da kanki da citta da kanumfari da ɗan sukari kaɗan, ki rage soye-soye zuwa sau biyu a mako. Ciwon yana ɗaga kitsen jini, don haka rage mai yana da riba biyu.

Kada ki yi yunwar gangan. Jikin da aka hana abinci ƙara rage gudu yake yi, ga ki da ma da mai sanyi. Ki hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe, rana ɗaya. Rabin kilo a mako ci gaba ne mai kyau.

Abu mafi haɗari da na gani shi ne wadda ta ninka ƙwayarta don ta rame da sauri kafin bikinta. Ta zo da bugun zuciya, hannu na rawa, ba barci. Yawan maganin yana gajiyar da zuciya, yana cin ƙashi. Idan kina shan adadin da aka rubuta miki kuma kika ji irin waɗannan alamu, ko yawan zufa da gudawa, ki koma asibiti, kada ki jira ranar da aka ba ki.

Mataki na 8: Komawa gwaji

Bayan fara magani, ko canza ƙarfinsa, ko gyara yadda ake shansa, ana jira mako 6 zuwa 8 kafin a sake auna TSH. Gwajin da aka yi kafin nan yawanci ɓarnar kuɗi ne. Kada ki yi mamaki idan bayan kin raba ƙwaya da shayi likita ya rage miki ƙarfinta, domin yanzu ne take shiga jikinki gaba ɗaya. Idan ya daidaita, yawanci sau ɗaya ko biyu a shekara ake dubawa.

Ki je da safe, ki riƙe ƙwayar ranar a jaka ki sha bayan an ɗebi jini. Idan kina shan ƙwayoyin gyaran gashi da farce masu biyotin, ki dakatar da su kwana 2 zuwa 3 kafin gwaji, domin suna sa na'ura ta ba da sakamakon ƙarya, har a ɗauka tayirod ɗinki gudu take yi alhali tana barci. Gashin kuma ki ba shi lokaci, yakan ɗauki watanni kafin ya dawo bayan magani ya zauna.

Ki tafi da littafinki da jakar magungunan nan, har da na gargajiya, ki zazzage wa likita a tebur. Idan kantin magani ya ba ki na wani kamfani daban da wanda kika saba, ki rubuta ranar da kika canza ki faɗa masa. Kada kuma ki daina sha don kin ji sauƙi, mafi yawan masu Hashimoto har abada suke shansa, kuma sauƙin da kika ji aikin ƙwayar ne.

Ga amare da masu shirin aure: ki nemi a auna TSH kafin ki ɗauki ciki, kuma ranar da kika ga gwajin ciki ya nuna, a makon nan za ki ga likita, ba sai ranar fara awo ba. A watannin farko ƙwaƙwalwar jariri da sinadarin uwa take ginuwa, kuma yawancin mata sai an ƙara musu magani da kusan kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari. Ƙwayar ba ta cutar da ciki ko shayarwa. A wajen awo za a ba ki maganin ƙarin jini, wataƙila da kalsiyam, ma'aikaciyar kuma za ta ce ki sha da safe. Ki gaya mata kina shan na tayirod da asuba, nata sai dare.